An mayar da ni Daura, iyali na Katsina: jeka-ka-dawo ko in kwashe su mu koma?

Ɗan Rahamawa:

Salamu alaikum jama'a, ya sanyi, ya ƙura? Shawara nake nema don wallahi kwana biyun nan barci ma ba na yi sosai. A wajen aiki an yi mani taransifa zuwa Daura, takarda ta fito, farkon wata mai kamawa ake so in fara sa hannu a can. Ni kuma haifaffen cikin birni ne, tunda na fara aiki ban taɓa fita wajen Katsina ba, daga ƙofar gidana zuwa ofis a kan mashin bai wuce minti goma sha biyar ba, tun da aka buɗe gadar ƙasa ta Ƙofar Ƙaura ma ko wannan ɗan cunkoson na safe ya ragu. Da azahar in oga ba ya nan sai in leƙo gida in ci ɗanwakena in koma. Yanzu ga Daura, wajen kilomita 80.

Ga yadda gidan yake don ku san ta inda za ku ɓullo mani. Mai ɗakina tana koyarwa a wata 'yar firamare ta kuɗi nan kusa da mu, da yamma kuma tana ɗinki, masu kawo mata ɗinkin duk matan unguwa ne da 'yan biki. Yara uku, biyu na boko da safe islamiyya da yamma, ƙaramar ba a yaye ta ba tukunna. Sai tsohuwarmu, tana gidan gado a cikin gari, tana fama da hawan jini, ni ke kai ta ganin likita ni ke sayo magani, kullum bayan isha'i sai na biya na gaishe ta kafin in wuce gida, ranar da ban je ba sai ta bugo ta ce halan lafiya. Ƙannena maza ɗaya na Kaduna ɗaya na Legas, matan kuma kowa na ɗakinta.

To abin da nake ta juyawa a raina ke nan. In riƙa tafiya kullum da safe in dawo da yamma? Ko in kama ɗaki a can, Juma'a in zo gida Litinin da asuba in koma? Ko kuwa in rufe ido kawai in kwashe su duka mu koma Daura in bar tsohuwa a hannun 'yan uwa mata? Kowanne na ɗauka sai in ga inda ya ɓalle. Albashin kun san shi, ko da aka ce mafi ƙaranci ya koma 70,000 a 2024, mu da muke ɗan sama da haka abin da aka ƙara mana kuɗin makaranta da cefane suka haɗiye shi tun kafin alat ya huce. Mota ba ni da ita, sai Boxer ɗina, shi ma ya sha jiki.

Don Allah wanda ya taɓa yin irin wanga zama ya faɗa mani yadda abin yake. Kuma kar wani ya ce in je in nemi a soke taransifar, na gwada, ba ni da kowa a sama.

Mai Jakar Goyo:

Wa alaikumus salam. Malam barka da shigowa sahun 'yan hanya, hhh. Ni a Mashi nake aiki, wato kusan rabin hanyar da za ka riƙa yi, kuma ko ni ɗin jikina ya gaya mani.

Farko dai cire maganar mashin daga ranka kwata-kwata. Zuwa da dawowa kilomita 160 ke nan a rana, a sati 800. A kan Boxer, cikin wanga hunturu? Ƙirjinka ba zai ɗauka ba, kafin ƙarshen wata kai da kemis ne. Kuma akwai abin da ba wanda zai gaya maka sai ka shiga: Daura gabas take da Katsina, to da safe kana tafiya rana na dukan idonka, da yamma kana dawowa ta sake tare ka a gaba, wato sau biyu a rana kana fuskantar ta. In kuma hazo ya sauka sosai ba ka ganin abin da ke gabanka sai ka zo dab, direbobi su kunna fitila da rana tsaka, sai kawai ka ga amalanken shanu ta fito daga gona ko garken awaki sun yanko titi. Ranar da kasuwar wani gari ke ci a bakin hanya kuma sai ka ƙara haƙuri.

Motar haya, matsalarta ba ta safe ba ce. Da safe 'yan aiki da 'yan kasuwa suna da yawa, Golf ko Sharon nan da nan ta cika, biyu gaba huɗu baya a matse ku ku tafi. Amma yanzu asuba sai wajen shida saura ake sallamewa, gari ba ya wayewa sosai sai kusan bakwai, kai kuma ana so takwas ta yi maka a ofis, kaga ke nan daga masallaci sai tasha, karin kumallo sai dai ƙosai a leda. Ta yamma ce ke cin rai. Ka tashi aiki ƙarfe huɗu ka zo tasha ka tarar mota ba ta cika ba, ka zauna, ɗan kamasho na ta kiran Katsina mutum ɗaya tun ɗazu alhali ku uku ne a ciki, har la'asar ta yi sanyi. Ga shingayen jami'an tsaro a hanya tunda yankin iyaka ne, wani wajen ɗaga hannu kawai za a yi, wani wajen a buɗe but. Alhamdulillahi dai hanyar ta fi kwanciyar hankali a kan ɓangaren Jibiya da Batsari, amma duk da haka ba na ba kowa shawarar ya mayar da tafiyar dare sana'a.

Wasu abokan aiki haɗa kai suke yi, mutum huɗu a motar ɗaya daga cikinsu a yi karo-karon mai. Bari mu yi lissafin tare. Ƙaramar mota mai lafiya za ta sha wajen lita 15 a zuwa da dawowa. Mu ɗauka lita naira 900 ce, 13,500 ke nan a rana, a raba huɗu kowa 3,375, a kwanakin aiki 22 ya kama 74,000 da 'yan kai. Ya wuce mafi ƙarancin albashin da ka ambata, kuma ba a sa juyen baƙin mai ba, ba faci, ba bakanike. Kafin 29 ga Mayun 2023 da aka cire tallafi lita a hukumance ba ta kai 200 ba, lokacin jeka-ka-dawo abu ne mai yiwuwa, mutane da yawa da shi suka yi shekaru. Yanzu kam sai mai wata hanyar samu a gefe.

Ni dai a ganina ka kama ɗaki. Ko ciki ɗaya ne, katifa, buta, risho ko ɗan ƙaramin gas, shi ke nan.

Ɗan Kurkura:

Yaya Mai Jaka ka manta da kasonmu a lissafin, hhh. Daga Rahamawa zuwa tasha a ƙafa zai je? Kuma gaskiya ƙarfe shida na safe a sanyin nan ba kowane ɗan kurkura ke fitowa ba, ni kaina sai rana ta ɗan ɗaga, sitiyari kamar ƙanƙara yake yi. Wanda ka samu a lokacin kuma drof zai ce maka ba haɗi ba. Malam in ka yanke shawarar tafiyar Litinin-Litinin ka samu mutum ɗaya a unguwarku ku yi tsada ta wata, shi zai riƙa ɗaukar ka shi zai riƙa kai yara makaranta, ya fi maka sauƙi kuma ka san hannun wa suke.

Maman Biyu:

Salamu alaikum. Na karanta duka, an lissafa lita an lissafa kilomita, amma ban ga inda aka ce me matar gidan ta ce ba. Malam ka zauna da ita kuwa?

Ni na yi irin wannan zaman, Abban yarana ya yi aiki a Funtuwa muna nan Katsina, sai ƙarshen sati yake zuwa. Ku maza in kun ce a kama ɗaki gani kuke magana ta ƙare, alhali duk abin da kuke yi a gidan da ba ku ma lura kuna yi ba kanta yake komawa. Ka duba safiya ɗaya kawai a hunturun nan. Ta tashi da asuba ta hura gawayi ta ɗora ruwan wanka don ba yaron da zai yarda ya taɓa ruwan randa, ta yi wa wannan wanka ta shafe shi da basilin har tafin ƙafa saboda kaushi, kafin ta gama da na biyu na farko ya koma ya duƙunƙune a bargo, ga ta goye na kuka, ga koko a wuta, ga safa ɗaya ta ɓata, kuma ita ma takwas ake jiran ta a aji. Da kana nan kai ne za ka ɗora su a mashin ka sauke su. Yanzu wa? Gas ya ƙare tsakar girki wa zai kai tukunya a cika? Mai ruwa bai biyo da kura ba wa zai fita nemo shi? Waɗannan ƙanana ne ma. Babban shi ne dare. Akwai daren da zazzaɓi ya rufe ƙaramina wajen ƙarfe ɗaya, jiki zau, ba wuta, wayata saura kaɗan ta mutu, na tsaya tsakar gida da shi a kafaɗa ina tunanin ƙofar wa zan buga. Maƙwabcinmu ne Allah ya saka mashi da alheri ya fito da mota. Abbansu sai da safe ya ji, me zan ce mashi da daren da zai iya yi daga can?

Sai tarbiyya. Yaro namiji in ya san baba ba ya gari har Juma'a sai ya fara gwada ƙarfinsa. Nawa sai da malamin islamiyya ya aiko tambaya ko lafiya, ashe fita yake da allo da jaka ya zarce gidan kallon ƙwallo. Kuma in Juma'ar ta zo kar ka ɗauka kwana biyu za ka yi da su, a gajiye za ka iso, Asabar ɗaurin aure, daga can gaisuwar rasuwar da aka yi ba ka nan, da yamma majalisa su ce ka ɓuya, Lahadi wanki da aski da haɗa jaka. Mu sai mu ga ƙeyarku kawai.

Duk da haka ban ce ka kwashe ta ba fa. Keken ɗinki ana sa shi a mota a kai Daura, amma matan da suka saba da hannunta ba za su bi ta ba, kafin ta yi suna a sabon wuri sai an ɗau lokaci, ga aikin koyarwar ta bari, wato kun koma albashi ɗaya a lokacin da kuka fi buƙatar biyu. Ga yara a tsakiyar zango. Abin da zan ce, in ɗakin za ka kama to ka gyara bayanka kafin ka tafi. Ka ajiye mata kayan abinci na wata ba na kwana uku ba, kuɗin ko-ta-kwana a hannunta ba sai ta kira ka ka ce bari in nemi mai POS ba, ka yi magana da maƙwabci ɗaya na kirki da bakinka, in akwai ƙanwarta ko wata 'yar uwa budurwa ta zo ta riƙa kwana da su. Ka sai mata 'yar sola ko ta fitila da caji ce. Kuma ka riƙa kira da daddare ka yi magana da yaran ɗaya bayan ɗaya, ka tambayi karatu, su san idonka na kansu.

Na ƙarshe kuma, hhh, mun san ku. Daga ɗakin gwauro sai a fara cewa abincin sayarwa na ɓata mani ciki, daga nan sai mu ji an kai goro wani gida a Daura. Ka dai ji tsoron Allah Malam.

Ɗan Rahamawa:

Hajiya wallahi kin sa ni dariya ni kaɗai a ofis. Wanda kuɗin mota ya gagara ina shi ina lefe? Maganar tambayarta kuma na tambaye ta, ta ce duk yadda na gani ya yi.

Mai Jaka na gode da lissafin nan, na sake bugawa a waya haka ya fito. Jeka-ka-dawo ya fita ke nan.

Maman Biyu:

Duk yadda ka gani ba amsa ba ce Malam, kara ce ta yi maka, ai ku Katsinawa kun fi kowa sanin ta. Ka bari yara su yi barci ka sake tambaya, kuma kar ka fara da faɗin abin da kai ka zaɓa.

Badauri:

Ikon Allah. Tun ɗazu nake karantawa, yadda kuke maganar Daura sai ka ce gidan yari aka tura bawan Allah. Daura ta Abdu tushen Hausa fa ake magana, nan kakanninku suka fito, gida za ka dawo Malam ba baƙunta ba, hhh.

Bari in gaya maka yadda garin yake tunda ni a ciki nake. Daura ba ta da cunkoson Katsina, daga wannan ƙarshen gari zuwa wancan a mashin 'yan mintuna ne, in ka samu ɗaki kusa da wajen aikin ma da ƙafa za ka riƙa zuwa. Hatsi da dabbobi muna kusa da inda suke fitowa, kasuwar Mai'aduwa na ci ranar Lahadi, har daga Nijar ake shigo da dabbobi ta Kongolam, in layya ta zo ku ne ma ke biyo mu. Makarantun boko da islamiyyu akwai su, asibitoci akwai. Masarautar ƙananan hukumomi biyar ce, Daura, Mai'aduwa, Zango, Sandamu da Baure, kuma duk nan suke shigowa harkokinsu, don haka mai sana'ar hannu ba ta rasa ciniki in ta iya. Kano ma in ka tashi ta Kazaure za ka bi ba sai ka zagaya ta Katsina ba.

Amma ba zan ɓoye maka ba, haya ba kamar da ba ce. Shekaru takwas ɗin da marigayi Buhari ya yi a kan mulki, 2015 zuwa 2023, an kawo abubuwa garin, kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya, jami'ar sufuri, asibitin sojan sama, duk sun zo da ma'aikata da ɗalibai kuma kowa ɗaki yake nema. To masu gidaje sun farga. Kar ka biya wa dillali kuɗi a waya, ka zo da ƙafarka ka gani. Abu biyu za ka duba kafin komai: ruwa, wato akwai rijiya ko burtsatse kusa ko sai an saya, sannan rufin. Ɗakin kwano marar silin yanzu ba za ka gane illarsa ba sai dai sanyi, bari Afrilu ta zo. Ka tambayi maƙwabta kuma ko layin na tara ruwa da damina, don yanzu ko'ina a bushe yake kowane lungu kyau gare shi.

Sanyi kam a nan ba wasa, iskar daga arewa take taho mana ba abin da ya tare ta, da safe ƙura har cikin kwanon abinci. Ka zo da bargo na gaske da hular sanyi, kuma don Allah kar ka kwana da kaskon gawayi a ɗaki a rufe, kowace shekara sai an yi wa mutane wannan gargaɗin.

Ni shawarata ta bambanta da ta sauran. Ka fara da ɗakin, amma da niyyar ɗauko iyalinka in shekarar karatu ta ƙare. Gida biyu tukunya biyu ne, haya biyu in can ma haya kake, kuma mutum ba ya sabawa da gari in kullum jakarsa a ɗaure take. Na ga ma'aikata da yawa da suka zo suna ƙunƙuni, yanzu sun sai fili. Yara su ga rijiyar Kusugu da idonsu ba a littafin makaranta ba, su ga hawan Sallar Gani. In layin dogon nan na Kano zuwa Maraɗi da aka ƙaddamar a 2021 ya fara aiki, tunda ta Daura da Katsina ya bi, wataƙila ma maganar ta canza gaba ɗaya.

Mai Jakar Goyo:

Badauri jirgin nan dai bari mu ji kukansa tukunna, kar Malam ya sa shi a kasafin wata.

Tsohon Ma'aikaci:

Salamu alaikum 'ya'yana. Jikana ne ya nuna mani wannan magana ya ce in sa baki, shi ke rubutawa ina faɗa.

Mu lokacin da muka fara aiki Katsina ba jiha ba ce, sai a Satumbar 1987 aka cire ta daga Kaduna. Kafin nan takarda ɗaya za ta fito a ce ka tafi Zariya ko Kafanchan ko Birnin Gwari, ba waya, saƙo sai ka ba direba wasiƙa da ɗan kuɗi a ambulan ya kai gida. Don haka Daura a wajena bayan gida ce. Ban faɗi haka don in raina damuwarka ba, zamaninku kuɗin mota ya fi namu ciwo, na sani.

Abin da na ga kowa ya tsallake shi ne mahaifiyarka. 'Yata Maman Biyu ta yi maganar matarka kuma ta yi gaskiya, amma ita tsohuwar fa? Ka ce kullum bayan isha'i kana zuwa. Wannan zuwan ba gaisuwa kawai ba ce, da shi kake gane yau ta sha magani ko ba ta sha ba, ƙafarta ta kumbura ko ba ta kumbura ba, abin da ba za ta taɓa faɗa maka a waya ba don kar ta tayar maka da hankali. Mai hawan jini ba a barin shi da an jima. Ka tara 'yan uwanka mata, a raba kwanaki, kowa ta san ranarta. Na Kaduna da na Legas su ɗauki kuɗin magani tunda kai ka ɗauki zirga-zirga shekara da shekaru, ba roƙo ba ne, haƙƙinta ne a kansu. A sayi na'urar awon jini ta gida a koya wa wani yaro mai hankali a gidan. Ranar ganin likita kuma ka nemi izini a wajen aiki tun da wuri, shugaban da ya san kana zuwa a kan lokaci ba zai hana ka kai mahaifiyarka asibiti ba. Kuma ka je ka gaya mata da bakinka kafin ta ji a bakin wani, ka nemi albarkarta.

Saboda ita ne ban goyi bayan ka kwashe iyali yanzu ba. In matarka da jikokinta na gari, ko ba ka nan gidanka na nan, za a aika mata da abinci, yara za su je mata ranar Alhamis da Juma'a da ba islamiyya.

Sannan kar ka yanke hukuncin shekara da yanayin wata ɗaya. Ga azumi na ƙaratowa, ka ga yadda sahur kai kaɗai zai kasance, da shan ruwa a tasha ranar Juma'a in mota ta ƙi cika. Bayan shi bazara, sannan damina lokacin da hadari zai taso maka a hanya. In ka ga waɗannan duka, kai da kanka za ka san ko na ɗauko su ne ko na neman a dawo da kai. Kuma ka riƙe aikinka da kyau a can, sabon zuwa ido na kansa, kar a san ka da zamewa tun ranar Alhamis.

Ɗan Rahamawa:

Baba na gode ƙwarai, Allah ya ƙara girma da lafiya. Jiya bayan isha'i na gaya wa tsohuwa, ta yi shiru sannan ta ce ai abinci ne ya kira ni, Allah ya sa albarka, sai kuma ta shiga tambayar wa zai riƙa yi mani wanki. Ƙannena mun yi magana, na Legas ya ce maganin wata-wata nashi ne.

Hajiya Maman Biyu na sake tambaya yadda kika ce. Ashe akwai magana, har sha biyu muna kai. Ba ta son barin makarantar a tsakiyar shekara, kuma ta karɓi ɗinkin sallah tun yanzu, amma abin da ya fi damun ta kwana su kaɗai. Ƙanwarta da ta gama sakandare za ta dawo wajenmu in babansu ya yarda, gobe zan je in same shi.

Don haka ɗaki zan kama zuwa babban hutu mu ga abin da Allah zai yi. Badauri, Asabar in sha Allah zan shigo in duba. Tambaya ɗaya, mashin ɗin in kai shi can in ajiye ko in bar shi gida? In na bar shi ba mai hawa, in na kai shi kuma Asabar da Lahadi a ƙafa nake a Katsina.

Badauri:

Ka bari sai ka ga inda ɗakin ya faɗo. In kusa da ofis ne bar shi Katsina, ka fi buƙatar shi can wajen kai Hajiya asibiti da zirga-zirgar ƙarshen sati, nan 'yan acaba ba su da tsada a cikin gari. Ka taso da wuri ranar Asabar ɗin, masu gidajen da yawa in hantsi ya yi sun fita, kuma ka zo da takardar taransifar don wasu ba sa ba gwauro ɗaki sai sun ga shaidar aiki.

Ɗan Kurkura:

Malam maganar kai yara makaranta fa tana nan, in ba ka samu kowa a unguwarku ba ka yi magana. Amma bakwai da kwata nake fitowa, ba shida ba.